Saƙo daga Gwanzo: dalilin da ya sa Sinawa suka ajiye tsabar kuɗi

Yaya, bayan gaisuwa, ka tambaye ni ko gwamnati ce ta hana Sinawa riƙe kuɗi a hannu. Ba hana su aka yi ba. Takardar yuwan 100, wadda ita ce babba, tana nan tana aiki, babban bankinsu ma yana cin tarar wanda ya ƙi karɓar tsaba. Mutane ne da kansu suka koma waya.

A nan Shiyawbei, unguwar da 'yan Afirka suka fi yawa, mai sayar da kayan marmari ta manna lambar QR a jikin kwali, ɗaya koriya ta WeChat, ɗaya shuɗiya ta Alipay, manhajojin biyan kuɗi ta waya. Ka haska da wayarka, ka rubuta adadin, shi ke nan. Kusa da sikelinta akwai wata 'yar lasifika da ba ta kai tafin hannu ba. Kuɗi na shiga sai ta faɗi adadin da ƙarfi, matar ko ɗago kai ba ta yi, tana can tana auna wa wani lemo. Ka tuna yadda kake riƙe mutum a shago a Kantin Kwari, yana nuna maka rasit a wayarsa kana cewa sai ka ga alat? Wannan jiran babu shi a nan, shi ya sa alat ɗin bogi bai samu wurin zama ba. Ta huta da jabun kuɗi, ta huta da neman canji.

Amma tushen abin a ganina amana ce, kuma da ita suka fara. Da aka kafa Alipay a 2004, aikinta shi ne raba gardama a kasuwar intanet ta Taobao: mai saye na tsoron ya biya a hana shi kaya, mai sayarwa na tsoron ya tura kaya a hana shi kuɗi. Sai ta tsaya a tsakiya kamar amintaccen dillali a kara, ta riƙe kuɗin har mai saye ya ce kaya sun iso, sannan ta saki. Tun 2014 kuma doka ta ba mai saye ta intanet kwana bakwai ya mayar da yawancin kaya ba tare da ya faɗi dalili ba. Wanda ya san haƙƙinsa zai dawo idan an samu matsala, me zai sa ya ji tsoron danna waya? A shekarar ne WeChat ta kawo jan ambulan na barka da sabuwar shekara, 'yan uwa suka riƙa tura wa juna 'yan kuɗaɗe. Da ƙananan kuɗi aka saba kafin manya.

Mu kuwa a farkon 2023 wahala ce ta koya mana tiransifa, lokacin canjin naira. An kwana a layin ATM, masu POS suna sayar da naira da naira. Ga manhajar eNaira tun 2021, mutane ba su waiwaye ta ba, suka nufi OPay da Moniepoint saboda nasu yana tafiya nan take. Ashe mu ma ba ƙin abin muke ba. Abin da ke kashe wa ɗan kasuwa gwiwa shi ne a cire masa kuɗi, ba su je ba, ba su dawo ba, a ce ya jira kwanaki.

Nan ma akwai haɗari. Kowane asusu a ɗaure yake da sunanka da fasfonka, duk abin da ka saya a rubuce yake. Kuma idan ɗan canji ya turo maka yuwan da suka ratsa hannun 'yan damfara, hukuma na iya rufe asusunka har a gama bincike, kai ba ka ci nanin ba, nanin ta ci ka. Wannan ya sha faruwa da 'yan kasuwa a Yiwu. Don Allah, Yaya, kuɗin kwantenar nan kada ka ba kowa don ya fi araha, mu bi wanda muka sani.

Idan za ka zo, tun 2023 baƙo na iya haɗa katin Visa ko Mastercard da WeChat da Alipay, ba a cire kuɗin caji idan sayayya ba ta wuce yuwan 200 ba. Ka zo da fawa banki mai kyau. A gaida Hajiya da yara.