Injin agogon aljihu mai shekara ɗari a wuyan hannu: yadda ake aikin a Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, musamman masu gyaran agogo. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan sana'a a nan Amurka shi ne injin agogon aljihu da ya haura shekara ɗari, gidansa ya daɗe da salwanta, amma a wanke shi, a ƙera masa sabon gida, a ɗaura a hannu, ya ci gaba da ba da lokaci daidai. A wurinmu irin wannan sai 'yan gwangwan.

Injinan suna da yawa, domin kamfanoni irin su Elgin da aka kafa a 1864, da Waltham, da Hamilton na garin Lancaster da ya fara a 1892, sun ƙera miliyoyinsu. A wancan zamani inji daban ake sayarwa, gida daban, mai shago ne ke haɗa maka. Duk sanda zinare ya yi tsada sai a narkar da gidan, a bar injin tsirara. Kamfanin Vortic da ke Fort Collins a jihar Colorado tun 2013 yake tattara su yana mayar da su agogon hannu. Har kotu Hamilton ta kai shi saboda sunanta da ke kan fuskar agogon, a 2020 kotun ta ba Vortic gaskiya.

Mafarin aikin awo ne. Injin lamba 18 da na lamba 16 faɗinsu milimita 44.9 da 43.2, in an ƙara gida sun fi ƙarfin hannun yawancin mutane. Lamba 12, mai milimita 39.8, shi aka fi so, yana shiga gidan da bai wuce milimita 46 ba. Sai a duba inda kan wani yake, wato ɗan maɓallin da ake murɗawa a ba agogo wani ko a saita lokaci. Agogon da asalinsa mai murfi ne, kan waninsa a ƙarfe 3 yake, ƙaramin hannun daƙiƙa a ƙarfe 6, wannan kai tsaye yake zama a hannu. Marar murfi kuwa kan wanin a ƙarfe 12 yake. Ko dai a bar shi a saman, ko a juya injin a yi masa sabuwar fuska, hannun daƙiƙa ya koma ƙarfe 9. Ni ban yarda da sauya fuskar ba. Fuskar tangaran ta asali ita ce rabin darajar agogon, kuma ba a matse ta, da an ɗaure sukurorin ƙafafunta fiye da kima sai ta tsage.

Inda aka fi yin kuskure shi ne sandar wani, wadda ke haɗa kan wanin da injin. A yawancin injinan Amurka sandar ba a jikin inji take ba, a jikin gida take, wani ɗan bututun ƙarfe mai tsaga ne ke riƙe ta. In sandar ta yi tsawo ko ta gaza, ko da rabin milimita ne, sai agogon ya ƙi karɓar wani, ko ya maƙale a wajen saita lokaci. Agogunan ma'aikatan jirgin ƙasa sun fi wuyar sha'ani. Bayan karon jirage a Kipton ta jihar Ohio a 1891 aka tsaurara ƙa'ida, agogo kada ya saɓa da fiye da daƙiƙa 30 a mako, kuma ba a saita shi sai an kwance gilashin gaba an jawo wani ɗan ƙarfe a gefen fuska. Dole sabon gidan ya bar hanyar kai wa ga wannan ƙarfen.

Wanki kuwa, kwance injin ake yi ɗaiɗai, a duba kowane dutsen yakutu, inda tsinin ƙafafun injin ke juyawa, da madubin ido ko ya fashe. Tsohon sifirin da ke riƙe wani, na baƙin ƙarfe, fitar da shi ake yi a sa sabo, don in ya tsinke yana iya karya haƙoran ƙafafun. Mai kala-kala ne: siriri irin Moebius 9010 ga ƙafar da ke kai da komo tana daidaita bugun agogo, mai kauri ga masu tafiya a hankali, kowanne ɗigon da bai kai kan allura ba. Daga nan a ɗora shi a na'urar awo. Yawancinsu suna bugawa sau 18,000 a awa, kuma ana gwada su a kwance, a kife, da a tsaye ta kowane gefe, tunda hannu ba ya zama wuri ɗaya kamar aljihu.

A nan ne raina ke ɓaci da halinmu na gida. A tsoma inji ɗungurungum cikin fetur, a hura da baki, a zuba man keken ɗinki, fuska in ta girgiza a manna ta da gam. In ya ƙi tafiya, a cire shi a jefar a sa ɗan injin batir. Seiko 5 da Rado nawa na iyayenmu alhazai aka kashe ta haka? Ba basira muka rasa ba. Mai gyara a bakin kasuwar Sabon Gari, da ɗan akwatinsa na gilashi, yana da hannun da da yawa a nan ba su da shi. Kayan aiki da haƙuri ne babu, mu masu kai gyara kuma ba ma son biya, so muke a gama muna tsaye.

Nan ɗin ma akwai abin haushi. Wanki kaɗai ɗaruruwan daloli ne, agogon da aka gama dubbai, kuma sai ka yi watanni kana jiran layi. Babu ciniki, babu benci, babu wanda zai tambaye ka mutanen gida. Amma lambar da ke jikin injin kaɗai ta isa a gano shekarar ƙira da samfurinsa a intanet, a yi odar kayan gyaransa su zo ta gidan waya.

Wanda ya samu irin wannan agogo ya kiyaye. Ba shi da kariyar girgiza, tsinin aksul ɗin ƙafar nan mai kai da komo kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, faɗuwa ɗaya kan siminti ta karya shi. Kada a hau babur da shi a hanya mai gargada, a cire kafin alwala, a nisanta shi da lasifika da bayan waya saboda maganaɗisu, wanda ke sa shi gudu da mintuna a yini. In lambobin fuskar suna da tsohon fenti mai haske da dare da ya koma ruwan ƙasa, wataƙila sinadarin radiyam ne, kada a kankare shi, kada a hura ƙurarsa.