Sharhi kan ajin koyon zanen inuwa a Jos

Ajin na ranar Asabar ne, a wani ɗakin zane kusa da Terminus, kuma abu ɗaya ake koyarwa: yadda inuwar abu ke kwanciya a ƙasa bisa ƙa'idar kusa da nesa. Duk wanda ya saba shafa baƙin fensir a gefen abu ya ce ya yi inuwa, nan za a gyara masa hannu.

Da sanda a tsaye malamin ya fara, kuma ya yi daidai. Ɗigo biyu ake bukata: inda hasken yake, da gindin hasken, wato wurin da ke ƙarƙashinsa tsaf. A ja layi daga hasken ya bi ta kan sandar, a ja wani daga gindin hasken ya bi ta gindin sandar. Inda suka haɗu, nan inuwa ta ƙare. Kwali kuwa sanduna huɗu ne, sai a yi wa kowace kusurwa haka a haɗa ɗigogin.

Inda ajin ya fi burge ni shi ne bambanta rana da fitila. Gindin rana kullum yana kan layin ido, wato layin da sama da ƙasa ke haɗuwa can nesa, daidai tsayin idon mai kallo, saboda nisanta. Gindin fitila yana kan daɓen ɗaki, shi ya sa inuwoyi ke bazuwa kowace ta nufi nata gefen. Mafi yawan kuskure daga nan yake: mutum ya ɗora gindin fitila a layin ido, kujera ta fito kamar tana yawo a iska. In rana tana gabanka, inuwa ta taho wajenka. In tana bayanka, ɗigon hasken yakan koma ƙasan layin ido. In kuma daga gefe take, ta ɗaga digiri 45 daga ƙasa, tsawon inuwa daidai yake da tsayin abin.

An kuma nuna yadda inuwa ke karyewa ta hau bango a miƙe, da yadda take fin duhu a gindin abu, bakinta na yin laushi can nesa.

Akwai gyara. Ƙwayayen lantarki sun yi yawa a rufin ɗakin, kwali ɗaya sai ya fitar da inuwa uku. Sai an kashe su an kunna tocila guda. Ƙwallo da kofi ma an bi ta kansu a gurguje, alhali su ne masu wuya.

Mai zuwa ya taho da takardar A3, fensir 2H na jan layi, 4B na cikewa, da rula mai santimita 60, domin ta 30 ba ta kai wa ɗigogin. Atisayen waje a yi shi da hantsi ko bayan la'asar. Da tsakar rana inuwa a Jos guntuwa ce, hazon hunturu kuma yana cinye bakinta.