Bakaniken da ya shirya mana keke mai sirdi biyu zuwa Mambila

Ƙanena ya rasa ganinsa shekara shida da suka wuce, kuma ba abin da yake kewa kamar hawa keke. Shi ya sa da na ci karo da keke mai sirdi biyu cikin kayan gwanjo ban ja ciniki ba. Na gaba ya riƙe kai, su biyun su taka feda, irin wanda makafi ke tsere da shi a gasar nakasassu ta duniya. Wata uku muna kai da kawowa tsakanin Birnin Kebbi, Jega da Argungu, hanya shimfiɗe kamar tabarma. Rannan sai ya ce, "Yaya, ina son in ji tsauni a cinyata." Muka tsayar da magana a kan Mambila.

Wani dattijon bakanike na kai wa keken, mai rumfa ƙarƙashin dogon yaro. Kafin ya ce uffan sai da ya juya tayar baya, yana taɓa sifok ɗaya bayan ɗaya kamar mai gyara tsirkiyar molo. Ya canza guda bakwai. Sannan ya ce sai an ƙara birki na uku.

Na ce, "Baba, biyu ai sun isa."

Ya ce, "A Kebbi sun isa, ɗana."

Ya yi mini bayani: mutum biyu da kaya a doguwar gangara, robar birki na gugar rim har ya yi zafi, tub ya fashe a tsakiyar kwana. Ya nuna mini wani zare irin na noti da ke gefen hagu na cibiyar tayar, ya ce don birkin ganga aka yi shi, wato birkin da ke kama cibiyar taya maimakon rim. Daga Kano ya sa aka kawo. Abin da ya fi taɓa zuciyata, hannun birkin a wajen ƙanena ya ɗaura shi, ya kama yatsunsa ya ɗora a kai har sau uku.

Mota ta kai mu Jalingo, daga nan muka taka ta Bali da Serti. Hawan da ke farawa daga Mayo Selbe ya ba mu wuya, mun sauka mun tura ba sau ɗaya ba. A sama, wajen mita 1,600, sanyi da hazo suka tarbe mu har Nguroje da Gembu. A dawowa aikin Baba ya nuna kansa. Ina cewa "ja", ƙanena na ja, keken na sauka a natse. Da muka tsaya na yayyafa wa gangar ruwa, sai ta yi cuu, rim kuwa ɗumi kawai.

Inda Baba ya gaza, kacar hagu mai haɗa fedojinmu ta saki, ta faɗi sau biyu bayan Serti, kuma bai nuna mini yadda ake ɗaure ta ba. Ya ce zai gama aikin a mako ɗaya, ya kai uku. Kuɗinsa dai bai kai na taya biyu ba.

Mun kai masa ganyen shayin Kakara tsaraba. Ƙanena ya zauna a bencinsa yana ba shi labarin hanyar tsaunin Stelvio ta Italiya, mai tsayin mita 2,757 da kwana 48 a gefe ɗaya. Baba ya saurara, ya ce a bar masa keken zuwa Asabar ya duba kacar.