Katin taba a kasuwar Portobello

Yaya, ina gaisuwa, a gaida min Hajiya da yara. Ka ce in riƙa ba ka labarin kasuwannin nan, to ga wata haja da ba mu da irinta a gida.

Duk Asabar masu tsofaffin kaya na baje koli a titin Portobello da ke Landan, cikinsu har da masu katin taba. Ɗan kati ne da bai kai tafin hannu ba, wanda aka fara cusawa a kwalin sigari wajen 1880 don kada kara ya karye. Da kamfanoni suka farga cewa wurin talla ne, sai Duke na Amurka da Ogden's na Liverpool suka cika shi da hotunan mata 'yan wasan dandamali. Na juya wani na Ogden's a hannuna: wata ta yafa farin mayafi irin na gumakan Girka, kafaɗa a waje, ta jingina da ginshiƙi. Da shigar mutanen dā aka fake, don in an yi magana a ce ai fasaha ce. Sai a 1940, da yaƙi ya kawo ƙarancin takarda, aka daina bugawa a Ingila.

Ni dattijon mai teburin ne ya burge ni. Kowane kati da ledarsa da farashinsa, kuma kafin in gani da kaina ya nuna min kusurwar da ta lanƙwashe, ya ce saboda ita ya rage kuɗin. 'Yan gwanjonmu da babban yatsa za su danne wurin! Sai dai ciniki ba daɗi, ba albarka, ba "ƙara dai", ragin ma ɗan kaɗan ne.

Ita tabar kanta yanzu ɓoye ta ake yi. A kanti tana cikin kabad a rufe, kuma tun 2017 kwalayen duk launi ɗaya ne mai duhu, da hoton ruɓaɓɓen huhu ko makamancinsa. Kwali ya haura fam 10, ba a sayar da kara ɗaya, balle bashi irin na mai teburin bakin layinmu da ke haɗa wa mutum da ashana. Ka san ba na sha, kada Hajiya ta ji ta tayar da hankali.

Af, rigimar da ta biyo bayan sayen Ogden's da Duke ya yi a 1901 ita ta haifi kamfanin British American Tobacco (BAT) a 1902, waɗanda suka mallaki masana'antar taba ta Zariya. Don Allah ka leƙa tsohon akwatin Baba, in da gwangwanin taba na zamanin Turawa kada yara su zubar, dattijon ya ce yana saye.