Rediyo mai caji da hasken rana, tsarabar da na kai wa Baffa

Duk Sallah shadda ake kai wa Baffa, har akwatinsa ya cika da yadin da bai ɗinka ba. Abin da ba ya rabuwa da shi kuwa tsohuwar rediyonsa ce, wadda ya ɗaure murfin batirinta da roba, ga kuɗin batir kullum. Shi ya sa bana na shiga kasuwar Sabon Gari a Kano na nemo masa mai caji da hasken rana.

Abin da na fara dubawa shi ne gajeren zango, wato inda aka rubuta SW. Da yawa daga cikin na yanzu FM kaɗai gare su, kuma a ƙauyenmu tashoshin birni ba sa zuwa sosai. Mutum irin Baffa, da ya tashi da Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe tun 1957, in ka ba shi rediyon da ba ta kama Landan, kamar ka ba shi buta marar ruwa ne. Wannan tana kamawa tangaran, musamman shirin safe da na dare, in an zare eriya gaba ɗaya. Tana da wurin sa memori, na zuba masa karatun Alƙur'ani da tafsiri, sannan ga fitila a gefe da yake haska hanyar masallaci da asuba.

Inda ta gaza, faifan solar da ke bayanta ƙarami ne ƙwarai. Ko ta wuni a rana a kan katanga, in aka kunna fitila da rediyo tare ba ta kai tsakar dare, ranar hadari kuwa sai a hankali. Sai da na ƙaro masa ɗan faifai na daban mai waya. Maɓallanta ma ƙanana ne ga idon dattijo. Jikarsa ce ta ɗiga wa na memori jan farce don ya riƙa ganewa.

Da na kira shi, cewa ya yi, "Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, na huta da sayen batir." Wallahi na ji daɗin maganar nan.

Mai son saya wa dattijonsa, ya sa a kunna masa SW ɗin a shago, ya kuma buɗe baya ya tabbatar batirin irin wanda ake cirewa ne, don in ya mutu a sauya.