Kiɗa da Rasit: Wasiƙa ga Yaya daga Landan

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. A gaida mini Inna da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi, shi kuwa ba a gama saba masa.

Abu biyu ka tambaye ni: ko in sayo maka sifika daga nan ko ka saya a kasuwar Gumi ta Kaduna, sannan wai ni da ba na iya cin tuwo sai rediyo na kunne, yaya nake ƙarewa da kiɗa a ƙasar Turawa. Na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Batun sifika ba shi da tsawo. Yawancin kayan nan daga Sin suke, kamar na wajenku. Abin da ya bambanta su shi ne rasit. Dokar masu sayayya ta 2015 ta ce in ka sayi kaya ka tarar da aibu cikin kwana 30, sai a mayar maka da kuɗinka cif. In ta intanet ka saya, kana da kwana 14 ka fasa, ko da lafiyarsa ƙalau, kawai ranka ne bai kwanta ba. Babu rantsuwa, babu "ai da ka fita da shi yana yi." Filoginsu mai ƙafa uku ne irin namu, ƙarfin wutar ma ɗaya. Sai dai garantin ba ya bin kaya ya tsallaka teku, wutarsu kuma ba ta tashi ta faɗi yadda tamu ke yi. Ranar da aka kawo muku wuta da ƙarfi ta ƙone ta, wa za ka kai wa ƙara? Ka saya a Kaduna, a kunna maka ita a gabanka, wajen wanda ka san shagonsa.

A nan ma gyara kusan babu shi. Ladan mai gyara na awa ɗaya ya kan kai kuɗin sabuwar rediyo, don haka abu na lalacewa sai a kai shi wurin zubar da kayan lantarki. Kullum na ga haka sai in tuno mai gyaran nan na Tudun Wada da yake ɗora ƙarfen dalmarsa a kan risho in babu wuta, wanda ya riƙa rayar da rakodar Baba har sai da kaset ɗin kansa ya daina yayi. Da mutumin nan a Landan yake, ko dai ya yi arziki ko yunwa ta kashe shi, tsakani babu.

Kiɗa kuwa, Yaya, akwai shi kamar ƙasa. Sai dai komai nasa da farashi, da lokaci, da takarda.

Ka ɗauki zuwa kallon wasa. Tikiti ake saya ta waya, wani lokaci wata uku ko huɗu kafin ranar, da lambar kujerarka a jiki. Matsakaitan wurare irin Jazz Cafe a Camden ko Barbican, abin da na saba biya tsakanin fam 30 ne zuwa 50, sannan a ɗora wani kuɗi wai na hidimar sayar maka da tikitin, alhali kai ka yi hidimar da yatsanka. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a nan a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa, ka ga ke nan dare ɗaya ya cinye aikin awa uku ko huɗu. Amma in an ce ƙarfe takwas, takwas ɗin ne. Sauti tas, babu sifikar da ke kuka, babu janareto da zai mutu ana tsakiyar waƙa. In aka soke wasa, kuɗinka zai dawo asusunka ba tare da ka roƙi kowa ba. Kafin sha ɗaya na dare yawanci an tashi, ka hau bas, shi ma da kati ake biya, don tun 2014 bas ɗin Landan ya daina karɓar tsabar kuɗi. Wannan duka na yaba, ba zan ɓoye maka ba.

Abin da babu shi ne a san ka. Mawaƙi zai fito, ya yi abin da ya tsara, a tafa, ya koma. Bai san ɗan wane ne kai ba, bai kuma damu ya sani ba. Ka tuna yadda ake yi a gida? Makaɗi na tsakiyar waƙa zai hango Baba ya shigo, sanƙira ya raɗa masa, nan take kalangu ya juya, a kamo sunan kakanmu, da garin da ya baro, da sana'arsa. Baba da ya rantse ba zai kashe ko sisi ba sai ga hannu ya shiga aljihu. Mu ba mu sayen tikiti, amma a ƙarshe abin da ke fita daga aljihun mutum ya kan fi kuɗin tikiti, kuma da murna yake fitar da shi. Na daɗe ina auna biyun. A nan kana biya ne kafin ka ji, kuma abin da aka yi maka alkawari shi za ka samu, ba ƙari ba ragi. A can sai an taɓa ka tukuna kake biya, kuma babu wanda ya san inda daren zai kai, har shi makaɗin.

Shi ya sa Shata, Allah ya jiƙansa, ba zai shiga tsarin mutanen nan ba. Mutumin da yake ƙirƙirar waƙa a tsaye, 'yan amshi na biye, ya ga abu a filin ya saka shi a baiti, wa zai ce masa saura minti biyar a kashe fitila? Tun 1999 ya rasu, amma har yau in na kunna shi a jirgin ƙarƙashin ƙasa sai na riƙa danne dariya, Turawa na satar kallona. Haka Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ɗan gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya, ya fi mini wasu da ke hawa dandamali da kaya cikin mota guda. Shi ma ya tafi a 2015, bayan Barmani Choge da ta rasu a 2013. Ka tuna yadda su Inna ke kulle ƙofar tsakar gida ranar wuni, a kifa ƙwarya a ruwa a kama amada, mu yara muna leƙe ta katanga? Wannan ba abin da za a sayar wa tikiti ba ne.

Mu 'yan Kaduna ma ai mun ga namu zamanin na masu kayan Bature. Bala Miller da ƙungiyarsa, da kakakin ƙarfe da gita da ganguna, mutum cike da dandamali cikin kaya iri ɗaya, ana waƙa da Hausa tsantsa. Shirinsa na talabijin ne ke sa mu cika falon maƙwabta, manya a kujera, mu a ƙasa. Da na shiga shagon Honest Jon's a titin Portobello, inda ake sayar da faifan garmaho, sai na ga yadda Turawa ke rububin tsofaffin faya-fayan Najeriya na shekarun 1970, suna sake buga su da kwali mai kyau da tarihin makaɗan a ciki. Na Legas ne da na kudu suka fi yawa. Irin faifan da muka riƙa jifa da shi a kan titi muna yara, yau a nan kadara ne. Bala Miller ya rasu a 2003, kuma yaran gidanka in ka ambaci sunansa za su ɗauka wani ɗan ƙwallo ne.

'Yan kudu sun ci kasuwar nan, wannan gaskiya ce. Wizkid ya cika zauren wasa na O2, mai ɗaukar mutum 20,000, dare uku a 2021. Burna Boy ya cika filin wasa na London Stadium a 2023. Buzayen Agadas masu gita irin su Bombino su ma suna zuwa, Turawa na rawa ba su san abin da ake faɗa ba. Namu ne shiru. A ganina dalilin a fili yake: daɗin waƙarmu a magana yake, a habaici da zambo da kirari, wanda ba ya jin Hausa kuwa an bar shi a baya. Ga kuma kuɗin biza da jirgi da masauki na mutum goma, makaɗa da 'yan amshi, kafin a buga kalangu ko sau ɗaya.

A bikin wani ɗan'uwa Bahaushe a nan gabashin Landan, an nemi mai kalangu an rasa, sai aka ɗauko Bayarabe mai gangan. Ganga ce 'yar'uwar tamu, ana matse ta a hammata, mutumin kuma gwani ne. Amma Yarbanci take yi. Dattawan da ke wurin suka yi ta gyaɗa kai don kara, ba wanda ya tashi. Sai da mai kwamfuta ya sako Ɗanƙwairo sannan ka ga manyan riguna sun motsa. Mai gangan ɗin ya ce mini damshin ƙasar nan na sa fata ta saki, sai ya jingina ta kusa da hita kafin ta yi murya, kamar yadda namu ke shanya ta a rana.

Liƙi ma da nasa labarin. Fam ɗaya da fam biyu ƙarfe ne, takarda mafi ƙanƙanta fam biyar ce, ta roba kuma, ba ta zama a goshi. To wa zai yi ta watsa fam biyar-biyar? Sai aka samo dabara: ana canzo dalar Amurka ɗai-ɗai, wani ya zauna a bakin ƙofa da jaka yana sayarwa, a yi liƙi da ita, a tattara, a sake sayar wa na baya. Dala ɗaya sai ta hau goshin amarya sau biyar a dare guda. Na ji ku ma can hukuma ta tsananta a kan liƙi da naira, to ga shawara kyauta. Zauren kuwa haya ne da awa, an ajiye kuɗin jingina. Lokaci na cika mai gadi zai kunna manyan fitilu, ko amarya na tsakiyar fili.

A gida ma haka. Tsakanin sha ɗaya na dare da bakwai na safe doka ta ba maƙwabci damar kai ƙararka in sautinka ya dame shi. Ba zai ƙwanƙwasa ya ce ka rage ba, sai dai ka ga wasiƙa daga hukumar unguwa. Ni ma na taɓa samun tawa, a kan Haruna Uji da gurminsa, mutumin da ko jariri ba zai tasa daga barci ba. Bangon gidajen ne ba kauri. Tun daga nan na koma abin kunne. Kowa a nan haka yake, a bas, a jirgi, a kan titi, kowa da nasa kiɗan a kunnensa, babu mai jin na wani. Ni da na tashi ina jin Zaɓi Sonka daga rediyon mai shayi, da na tela, da na mai wankin hula, duk a tasha ɗaya, har ka bi layi tun daga farko zuwa ƙarshe ba ka rasa baiti ba, wannan shirun ya dame ni fiye da sanyin. Ko masu kiɗa a tashoshin jirgin ƙasa sai an gwada su an ba su lasisi, an zana musu inda za su tsaya, kuma da yawansu da na'urar karɓar kati a gabansu maimakon faranti.

Wani abin da zai ba ka mamaki: mai aski ko mai gidan abinci in zai kunna waƙa a shagonsa, sai ya biya lasisi duk shekara, kuɗin a raba wa masu waƙar. Haƙƙin wanda ya tsara waƙa yana bin magadansa har shekara 70 bayan mutuwarsa. Talabijin ma sai da lasisi, a 2025 fam 174.50 aka biya na shekara, shi ne kuɗin da ke riƙe BBC. Da farko na ga abin kamar ƙwace. Daga baya na tuna kaset nawa muka saya na kwafi a bakin kasuwa, da yadda yanzu yaro zai ba mai tura waƙa 'yan canji a cika masa memori da aikin rayuwar mutum guda, ko ƙwandala ba ta kai ga iyalinsa ba. Mu ma doka akwai a takarda. A wannan kam sun fi mu, kuma kunyar tamu ce, mu da muke cewa muna son makaɗan.

Sai dai duk kuɗin da nake biyan manhajar jin waƙa ta Spotify a wata, ba ya ba ni abin da nake nema. Sababbin yaran Kano suna nan birjik, amma tsofaffin sai ɗai-ɗai, wasu an yanke su rabi, wasu an rubuta sunan wani a kan waƙar wani. Garba Supa, Hassan Wayam, Ahmadu Doka, duk masu kukumar nan, sai dai YouTube, inda wani bawan Allah ya ɗora daga tsohon kaset, da ƙarar iska da komai, talla kuma ta katse ka a daidai inda waƙar ta yi daɗi. Mafi yawan taskar tana Rediyon Tarayya na Kaduna da akwatunan mutane irinmu.

To ga tawa buƙatar. Akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadon Inna, akwai kaset-kaset na Baba a ciki, har da wanda aka ɗauka ranar bikinka. Don Allah ka fitar da su kafin zafi da ƙura su gama da su, ka kai wa mai juyawa zuwa memori. Ka ce ya juye kowane gefe ɗungurungum, kada ya yanke surutun mutane da kirarin sanƙira, su nake so. Ka rubuta sunan makaɗi a kan kowanne, in ka manta ka tambayi Inna. Ko nawa ya ce zan turo, tare da kuɗin sifikar. In an gama ka turo ta WhatsApp kaɗan-kaɗan, ba sai an jira mai zuwa ba. Kilishin da Hajiya ta ce za ta ba wani ya kawo mini, a bar shi, an hana shigowa da nama, a filin jirgi za su karɓe.

A gaida kowa da kowa.

Naka,
Ƙaninka