Tantin gwanjo a gaɓar tekun Ghana: kwana huɗu daga Butre zuwa Princess Town

A wajen 'yan gwanjo na sayi tantin nan a Kumasi, mai shi yana ta rantse-rantse cewa ko sau ɗaya ba a taɓa kafa shi ba. Ban yarda ba, amma kuɗin bai kai a tsaya musu ba. Na mutum biyu ne, rufinsa biyu: na ciki kamar gidan sauro, na waje mai hana ruwa shiga, sai sanduna biyu masu lanƙwasa da turakun ƙarfe guda takwas, sirara kamar tsinken tsire. Da shi muka yi tafiyar ƙafa ni da ƙanina a watan Nuwamba, muna bin bakin teku a ƙasar Ahanta.

Daga Takoradi muka hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Agona Nkwanta, daga nan muka sami mota zuwa Butre. Mun hau dutsen da kangon Batenstein yake, ganuwar da 'yan Holand suka gina a 1656, muka leƙa gari daga sama, sannan muka sauko muka kama rairayi zuwa Busua. Ɗaukar tantin ba wuya, a ƙasan jakar goyo na ɗaure shi har na manta da shi.

Daren farko ya tona asirin turakun. Ka soka su cikin rairayi, ka ja igiya, su biyo ka kamar ka zare cokali daga koko. Duk wanda ya ƙera su ƙasa mai tauri ya yi wa, bai san bakin teku ba. Muna cikin wannan fama wani masunci da ke gyaran koma kusa da mu ya taso, ya ɗauko ɓawon kwakwa guda huɗu, ya ɗaure kowace igiya a jikin ɗaya, ya tona rami kamar kamu ɗaya ya binne, ya tattake da ƙafa. Tanti ya tsaya cak. Bai karɓi ko sisi ba. Tun daga ranar turakun suka zama kayan nauyi kawai, da ɓawon kwakwa muka ƙarasa tafiyar, kuma ba ya wuyar samu a wannan gaɓar.

Washegari muka ratsa Dixcove, ƙarƙashin farar ganuwar Metal Cross ta Turawan Ingila, mashigar cike da jiragen masunta masu fenti kala-kala. Muka ci dokunu da soyayyen kifi, muka miƙa zuwa Akwidaa. A nan ne na gane babban aibin tantin, wato zafi. Tagar iska ɗaya gare shi, ƙarama, can sama. Idan ka rufe rufin waje, kafin tsakar dare kun jiƙe da gumi, numfashinku ya taru a jikin ledar yana ɗigo muku a fuska. Ƙanina ya farka yana cewa, "Yaya, ruwa ake yi?" Na ce masa a'a, ruwanmu ne ya dawo mana. Muka yaye rufin muka kwana a gidan sauron kawai. Iska ta shigo, barci ya yi daɗi, sauro bai samu ƙofa ba, kuma a wurin da kogi ke haɗuwa da teku wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai da asuba raɓa ta jiƙa komai, har dardumar sallah. Zaɓin ke nan, ko gumi ko raɓa, kuma kowanne ka ɗauka sai ka shanya kaya kafin ka tashi.

Dare na uku shi ya sa ban jefar da tantin ba. Mun isa Cape Three Points da la'asar, ƙurewar kudancin Ghana, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1925 take tsaye a kan duwatsu. Wannan yankin yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a ƙasar, kuma bai ba mu kunya ba. Bayan isha hadari ya taso daga teku, iska ta kwantar da sandunan har rufin yana taɓa mini hanci, ina kwance ina jiran in ji ƙas. Ba su karye ba. Iska ta lafa su miƙe, ta dawo su sake rusunawa. An fi awa biyu ana zuba ruwa, amma ko ɗigo bai ratsa ɗinkin ba, ƙasan ma bai tsatso ba, don ledar ƙasan ta ɗan hau bango kamar baho. Wayoyinmu da garin kwakinmu duk suka kwana a bushe. A daren nan na yafe wa mai gwanjo rantsuwarsa.

Abu ɗaya da ba laifin tanti ba ne amma ya shafi inda za a kafa shi: a wannan lokacin kunkurun teku suna fitowa da dare su yi ƙwai a cikin rairayi. Mutanen wurin sun ce mu ja baya can gindin itatuwa, kada kuma mu riƙa haska tocila wajen ruwa. Ja da bayan ya amfane mu ma, don ruwan teku yana cika da dare ya wuce inda kake zato. Kada dai ka kafa daidai ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai 'ya'ya.

Yini na ƙarshe ya fi kowanne tsawo, kafaɗa ta fara ƙorafi, muka isa Princess Town gab da magariba. A kan tudu akwai Gross Friedrichsburg, wadda Jamusawan Brandenburg suka fara ginawa a 1683, ɗaya daga ganuwoyin da aka yi cinikin bayi a cikinsu. Na so in daɗe a wurin, amma zif ɗin tanti ya cinye mini sauran hasken rana. Gishirin iska da rairayi sun shiga haƙoransa, kan ya fara tsatsa, ka ja ya rufe gaba ya buɗe baya. Da tsohon buroshin haƙori na goge shi, na goga masa kyandir, ya yarda ya rufe rabi. Sauran rabin da allurar ɗinki da zare muka kama, muka kwana kamar buhun masara.

Ga wanda zai yi irin wannan tafiya, tantin ya isa idan ruwa da sauro ne damuwarsa, kuma a farashin gwanjo ban yi asara ba. Amma da zan sake saye, zan nemi mai ƙofa biyu don iska ta ratsa, da zif na roba mai manyan haƙora. Wannan kuwa na wanke shi da ruwan famfo da muka dawo, yana wajen tela yanzu za a sa masa sabon zif, kuma har yau in na kakkaɓe jakarsa sai rairayin Akwidaa ya zubo.